Dutsen da Aka Hau Babu Akuya

Ni aka zaɓa in raka wana Indiya, don na taɓa ƙetare hamada na dawo da raina. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Ba na jin wani yare sai Hausa da ɗan Larabcin da na tsinto wurin aikin gini a Libiya. Amma a gida an san idona ba ya kwanciya. Ranar tafiya tsohuwarmu ta kama hannuna a zauren gidanmu na Tsarnawa, ta ce, "Da ranshi za ka maido min shi."

Wana ɗan kasuwar albasa ne. Zuciyarsa ce ta gaza, likitoci suka ce sai an buɗe ƙirji. Wanda ya shirya mana hanya wani Ba'indiye ne mai sayar da injin ban-ruwa a Konni. Ya daɗe a garin har Hausa ta zauna a bakinsa, kowa Mai Injin yake ce masa. Shi da wana sun shekara da shekaru suna shan shayi tare. Ni ban taɓa sakin jiki da shi ba. Dariyarsa ta yi yawa.

Aiki ya yi kyau. Da aka sallame mu daga asibiti, Mai Injin, wanda tare muka zo da shi, ya ce, "Alhaji, iskar birnin nan ba ta mai ɗinki ba ce. Mu tahi wajenmu, kan dutse. Uwata tana can, ta yi alkawari a kanka."

Na ce, "Wane alkawari?"

"In ya tashi, za ta hau da shi ta yi godiya."

Maganar ba ta yi mini ba. Kakanmu na wajen uwa Azne ne, mai bautar iskoki, a wani ƙauye bayan Tajaye. Ina yaro na ga yadda yake hawa dutse cika alkawari. Ba a hawa hannu sake. Baƙar akuya ce a gaba, ko jan zakara, kuma abin da aka hau da shi ba ya saukowa.

Aka sauke mu a wani babban gida a gindin dutsen, ashram suke ce masa. Tsofaffi ne a ciki, maza da mata, sun bar gidajensu sun zo ibada, tun asuba suna waƙe-waƙen addininsu. Baƙo yana kwana kyauta. An taɓa ba ni ɗaki kyauta a Libiya, na san da yadda na fito. Abincinsu shinkafa da wake da nono, babu nama, ko ƙamshinsa. Uwar Mai Injin, ƴar tsohuwa mai farin zane, kullum tana tura wa wana kwano tana nuna masa baki. Ya fara yin kumari. Ni kuwa ina kallo ina tuna yadda ake turke rago.

Ba wanda ya hana mu salla, har tabarma aka kawo mana. Wannan ma na ajiye shi a raina.

Ranar hawa na fita da sassafe na zaga gidan ina neman dabbar. Babu akuya, babu kaza. Na tare Mai Injin na ce, "Ina abin yankan?"

Ya yi dariyar nan tasa. "Mu ba ma yanka, Ɗan Libiya."

Dutsen alkawari da ba ya shan jini, ban taɓa jin labarinsa ba.

Aka kawo kujera ɗaure da sanduna, tunda wana ba zai iya matakala ba. Ƙarti suka ɗora shi a kafaɗa kamar makara. Tsohuwar ta rataya masa furanni a wuya. Ba mu yi nisa ba muka wuce wani bijimi a gefen hanya, da irin furannin nan a nasa wuyan.

Na matsa kusa da kujerar. "Yaya, cire abin nan."

"Mi ya yi maka? Fure ne."

"San can ma an sa mishi."

"To ni da shi wa ya fi tsoka? Bar ni in sha iska, kai."

Mutane kamar ranar kasuwar Badagishiri. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, wasu ba takalmi, kowa ya nufi sama. Birai a kan itace. Na bi hannuwansu da kallo ɗaya bayan ɗaya: fure, turare, kwakwa. Babu mai jan igiya.

A ƙwanƙolin dutsen ɗakin bautarsu yake, ciki duhu, fitilu na ci a gaban gunki, ƙararrawa ba ta tsayawa. Duk wanda ya fito da jan abu a goshinsa. Aka ce a tuɓe takalma. Na ɗauke na wana na matse a hammata, ba na barin sawun ɗan'uwana inda ban sani ba. Wana ya ce shi ba zai shiga ba, ba zai rusuna wa komai ba, zai dai zauna a bakin ƙofa albarkacin tsohuwa. Mai Injin ya ce hakan ya isa.

Mai kula da ɗakin ya fito, ba riga, da farantin jan gari a hannu. Ya yi magana, Mai Injin ya juya mana da Hausa: yana son sunan Alhaji da sunan gidansu. A wajenmu boka ne ke wannan tambaya. Bayansa wani ya taho da adda mai lanƙwasa. Tsohuwar ta ɗora hannu a kan wana, kansa ya ɗan sunkuya.

Ban yi shawara da kowa ba. Na kaɓe farantin, jan gari ya watse a ƙasa. Na cafke hannun mai addar na murɗe har ta faɗi. Wani abu ya kuɓuce daga ɗayan hannunsa ya gangara. Ƙararrawa ta tsaya.

Mai Injin ya sunkuya ya ɗauko abin, ya kawo mini har gaban fuska. Kwakwa ce. Babu dariya a bakinsa. "Ga akuyarmu," in ji shi. "Ita za a fasa."

Tsohuwar ta durƙusa tana tattara jan garin da tafin hannu, hawaye na zuba, ba sauti.

Wana ya ce, "Sake shi, mahaukaci. Ka ba ni kunya a ƙasar mutane."

Na ce, "Kunya ba ta binne kowa ba. Tashi."

Ban yarda ya koma kujerar ba. Na tallafe shi muka sauko a hankali, muna tafiya muna hutawa, har la'asar.

Wana yana nan da ransa, yana lodin albasarsa. Mai Injin ya dawo Konni, amma bai sake zama shayi da shi ba. Wana ya je ya ba shi haƙuri, Mai Injin ya karɓa da baki kawai. Har yau wana yakan ce na raba shi da mutumin da ya cece shi. Wataƙila haka ne. An ma nuna mini a salula yadda suke fasa kwakwar, na gani. Amma ranar ban ga an fasa komai ba. Adda na gani, da wuyan wana a sunkuye. In aka maida ni wurin, hannun nan dai zan sake kamawa.