Takardar Shaidar Alhassan Kuku

Shekara tara ke nan da muka kai Alhassan Kuku makwancinsa. Tare muka yi haya a Moshi Zongo, ni ina ɗinkin takalma, shi yana dafa wa wani Bature abinci.

Da Ghana ta samu 'yancin kai, Baturen ya tattara ya koma gida, ya bar wa Alhassan takardar shaidar aiki. Ya naɗe ta a ƙyalle yana yawo da ita gidajen sababbin manya. Kowa ya karanta sai ya miƙo masa, ya ce ba a neman kuku. Wata bakwai yana haka, ga mata da 'ya'ya huɗu. Ni na ja shi ajin koyon karatu na manya da ake yi bayan La'asar a unguwar Zogbeli, don ya san abin da ke hannunsa.

Malaminmu saurayi ne daga kudu, Ticha muke ce masa. Ranar da ya zo kan sifa, wato kalmar da ke faɗin yadda mutum ko abu yake, ya ce a Turanci gaba take shiga, suna ya biyo ta. Ya nemi misali. Na zunguri Alhassan.

"Yaya, ba shi takardarka mana. Ai duk yabo ne."

Ticha ya karanta a zuci, ya yi murmushi. "Baba, takarda naka ya yi kyau ƙwarai. Zo ka tsaya nan gaba."

Alhassan ya gyara hula ya tsaya. Ticha ya kwafe kalmomi uku a allo, ya ja layi ƙarƙashin kowace, ya sa muka maimaita su da ƙarfi, har da mai takardar. Sai da bakinmu ya saba, sannan ya fassara: rago, ƙazami, maƙaryaci.

Aji ya kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, "Kuku, shekara goma sha huɗu Bature na cin miyarka, sai yau ya ga ƙazanta?"

Alhassan ya ce, "Ticha, ba wata kalma a ƙasa?"

"Akwai sa hannu."

Ya karɓi takardarsa, ya naɗe ta yadda ya saba, ya fita. Bai ƙara zuwa aji ba, bai ƙara neman aikin kuku ba. Dako ya koma yi a kasuwa har ƙirjinsa ya gaza. Kalmar farko kuwa, "lezi", wato rago a Turanci, ta riga shi isa unguwa. Da ita aka kira shi har ya mutu.

Yau ni ma ina karatu, a hankali, da yatsa. Masu gadi da 'yan wanki kan kawo mini takardunsu in duba. Namu ne suke rubuta su yanzu, kuma wasu ba su fi ta Baturen tausayi ba. Da Alhassan zai gani, ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai dai tambaye ni ko ina gaya wa masu su gaskiya. Ina gaya musu, amma sai na rufe ƙofa.

Ba na wanke kaina. Muryata na cikin waɗanda suka maimaita, kuma na yi dariya kafin in ga fuskarsa.

Mutum ne mai tashi kafin asuba, mai wanke hannu har gwiwa kafin ya taɓa tukunya. Wannan ba wanda ya rubuta. Ka zo Zongo ka ce gidan Alhassan, za a tambaye ka wanne. Ka ce gidan Lezi, sai a nuna maka, jikokinsa na zaune a ƙofa suna ji. Allah ya jiƙansa.