Elray Deshotel da Rabin Bindigar Mahaifinsa

Haihuwa da nasaba

An haifi Elray Joseph Deshotel ranar 9 ga Maris, 1947, a garin Ville Platte na jihar Louisiana, a ƙasar Amurka. Mahaifinsa shi ne Ovide Deshotel, manomin shinkafa, mahaifiyarsa kuwa Azema Lafleur. Shi ne ɗan fari, kuma ya sha sarautar gidan shi kaɗai har zuwa shekarar 1949, sa'ad da aka haifi ƙanensa Curley. Danginsu sun ruwaito cewa ranar da aka yi wa jaririn baftisma Elray ya ƙi cin abinci. Waɗanda suka zauna da shi tsawon rayuwarsa sun ce daga wannan ranar bai sake cin abinci da kwanciyar rai ba muddin Curley yana wurin.

Ƙuruciya da karatu

Ya shiga makarantar 'yan Katolika ta garin a shekarar 1953, ya kammala sakandare a 1965 da sakamako mai kyau, musamman a lissafi. Sai dai a gidan Ovide ba da lissafi ake samun daraja ba. Kowace shekara, ranar Juma'ar da ta gabaci Asabar ta farko a watan Oktoba, ana rufe makarantu, maza su ɗunguma zuwa bukkokinsu na daji domin buɗe farautar kurege. Al'adar bukkar Ovide ita ce, wanda ya fi kawo kurege shi ake fara zuba wa gambo, miyar yankin mai kauri da ake dafa naman kuregen a ciki, kuma maigidan ne da kansa yake riƙe ludayin.

Tun Curley yana ɗan shekara tara ya karɓe kwanon farko, bai kuma sake shi ba. Elray ya fi shi sammako, ya fi shi haƙurin zama a gindin itace, amma Allah bai ba shi hannun ba. Yakan zauna da kwanonsa na biyu yana kallon mahaifinsu yana zurfafa ludayi yana lalubo wa ƙanen cinya. Hassada ce, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye ta ba.

A shekarar 1968 aka kira 'yan'uwan biyu aikin soja. Likita ya sallami Elray saboda raunin idonsa na dama, aka ɗauki Curley, wanda ya dawo bayan shekara biyu da lambar gwanintar harbi da kuma ɗingishi. Elray ya yi ƙyashin lambar, wasu ma sun ce har ɗingishin.

Sana'a da iyali

Ya kama aiki a wata masana'antar casar shinkafa a shekarar 1966, ya yi shekara arba'in da uku a can, ya yi ritaya yana shugaban sashen awo, ba tare da an taɓa samun sa da ha'inci ko sakaci ba. Ranar 12 ga Yuni, 1971, ya auri Verna Ardoin, mace mai haƙuri da kaifin baki, Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku. Ya gina gida da guminsa, ya ilimantar da zuriyarsa, ya yi hidimar coci. Da a ce shi kaɗai aka haifa, da tarihinsa ya ƙare a nan cikin yabo.

Bindigar iska

A shekarar 2004, da tsufa ya kama Ovide har kafaɗarsa ta daina jure dukan tsohuwar bindigarsa mai baki biyu, sai ya sayi wata ƙaramar bindigar iska. Ba ta amfani da albarushi. Iska ake ɗura mata da famfo, ta tura 'yar ƙwayar dalma ba tare da ƙara ba, har kurege ya faɗo na kusa da shi bai daina ci ba. Kuma tana rabuwa gida biyu: gaba akwai bututu da madubin saiti, baya akwai gindi da tulun iska da kunama. In an kwance ta, jakar abincin rana ma ta ishe ta. Da ita tsohon ya riƙa kare itatuwansa na fikan, masu 'ya'ya kamar gyaɗa, daga ɓarnar kurege, yana zaune a barandarsa.

Elray ya ƙwallafa rai a kanta, domin ya yi imani madubin nan zai rama masa abin da idonsa ya hana shi, ya ci kwanon farko ko da sau ɗaya ne kafin ya bar duniya. Amma bai taɓa cewa a ara masa ba, don ya taɓa iske Curley a barandar yana harba ta, mahaifinsu yana tafa masa.

A watan Fabrairun 2010 Ovide ya kwanta ciwon ajali. Elray ya kasa daurewa, ya tambaye shi a gaban kowa wa zai gaji bindigar.

Tsohon ya buɗe ido ya ce, "Kai Elray, ban mutu ba tukuna ka fara rabo? Ai gida biyu take rabuwa, ku ma ku biyu ne. Babba ya fara zaɓa."

Duk wanda yake ɗakin ya fahimci wasiyyar: so yake 'ya'yansa su riƙa shiga daji tare, bindiga ɗaya, bi da bi. Elray kaɗai ne ya ji ta a matsayin an sake tauye masa haƙƙi. Ya zaɓi bututu da madubi, ya naɗe su a tsohon tawul, ya tafi gida.

Shekarun rabi da rabi

Shekara tara aka yi a haka. Kowane Oktoba Curley yakan zo bukka da nasa rabin, ya ajiye a kan teburi.

"Yaya, kawo naka mu haɗa mana. Kai za ka fara, na rantse ko kallon ka ba zan yi ba."

"Don ka ce sadaka ka ba ni? Riƙe kayanka. Ni nawa ne mai harbin."

"To harba mu gani! Ko hura shi za ka yi da baki?"

Sai bukka ta kwashe da dariya, Elray ya ɗauki kwanonsa na biyu ya koma waje. A gida kuwa, bayan ya yi ritaya, yakan zauna a bayan ɗaki yana goge bututun da mai, yana leƙen kurege ta madubi, ya sa shi daidai tsakiya, ya motsa yatsa a kan iska. Verna ta sha ce masa, "Mai gida, kuregen unguwar nan sun yi ƙiba a kan girman kanka. Gidan ƙanenka fa ba bangon duniya ba ne." Har wata sabuwar bindiga irin ta mahaifinsa 'yarsa Glenda ta saya masa, ya mayar da ita kantin ba tare da ya buɗe kwalin ba, ya ce ba bindiga yake nema ba.

Rasuwar Curley

Curley ya rasu ranar 17 ga Satumba, 2019, sakamakon bugun zuciya. Da labarin ya iske Elray, abin da ya fara cewa shi ne, "Nan ma sai da ya riga ni." Daga nan ya shiga ɗaki ya yi kuka mai tsanani, domin ɗan'uwa rabin jiki ne ko da ana ƙyashin sa. Duk da haka, a ƙasan ransa ya ƙudurta cewa bayan an share makoki rabin nan zai zo hannunsa ta hanyar gado, ba roƙo, ba godiya.

Ranar addu'ar carbi, jajibirin jana'iza, ya isa ɗakin da aka shimfiɗe gawa, ya matsa kusa da akwatin, sai ya ga gindin bindigar a kan ƙirjin mamacin, ƙarƙashin hannuwansa. Noella, matar marigayin, ta taso ta tsaya a gefensa, ta yi magana yadda na sahun gaba za su ji.

"Yaya Elray, saƙo ya bar maka. Ya ce in ka roƙa da bakinka, in ciro in ba ka. In ba ka roƙa ba, ka san inda za ka same shi."

Elray ya daɗe yana kallon ƙanensa, wanda ko a akwati ya fi shi kwarjini, ga furanni har bakin ƙofa. Bakinsa ya motsa, Verna ta taɓa masa gwiwar hannu. Da muryar ta fito, sai ya ce, "Bar masa. Nawa ne mai harbin."

Washegari aka rufe akwatin.

Ƙarshen rayuwa

Oktoban da ya biyo baya, 'yan bukka suka zuba masa kwanon farko saboda shi ne babba da ya rage. Ya dubi kwanon, ya tura wa na kusa da shi, ya ce ba ya jin yunwa. Bai sake zuwa daji ba.

Elray Deshotel ya rasu a gidansa ranar Juma'a, 30 ga Satumba, 2022, jajibirin buɗe farauta, yana da shekara saba'in da biyar. An jinkirta jana'izarsa zuwa Talata, domin mazan garin duk suna daji. An binne shi a makabartar cocinsu, a filin iyali, kabarinsa yana jingine da na Curley. Kafin a rufe akwatin, Verna ta ɗora masa bututun a ƙirji, naɗe cikin tawul ɗinsa, ta ce, "Ga ƙanenka nan kusa da kai. Sai ka buɗe baki."

Ya rasu ya bar matarsa Verna, da 'ya'ya uku, Randall, Glenda da Troy, da jikoki bakwai, babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa ganin ya harba bindigar.