Gawon Gonar Kakata

A Legas na girma, inda ake murɗa gas wuta ta kama, janareto kuma ya wuni yana zuba hayaƙi ba mai ce masa kanzil. Saboda haka da na je ƙauyenmu na bayan Sule Tankarkar da damina, na tarar da kakata durƙushe tana hura jiƙaƙƙen kara, idonta jawur, sai raina ya ɓaci.

A gonarta kuwa na ga wata ƙatuwar bishiya ba ko ganye ɗaya, alhali ko'ina kore shar. Na ce ikon Allah! Ga itacen shekara guda a tsaye, tsohuwa tana fama da kara? Ban shawarci kowa ba, ni ga mai ilimi. Washegari da safe na sami mai saran itace, na kwatanta masa wurin, na ce ya kayar da ita.

Da hantsi bakina ya kasa riƙewa. "Kaka, kin huta. Busasshiyar bishiyar nan yau za ta shigo gida."

Ludayi ya suɓuce mata. "Gawon? Innalillahi! Maigida, ka kashe ni!"

A hanyar gona, tana sauri tana haki, ta wanke ni tas. Ashe gawo da damina yake zubar da ganye, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Da rani, in komai ya bushe, sai ya yi kore, awaki su rayu da 'ya'yansa. Kakana ne ya bar shi tun yana tsiro, lokacin da kowa ke share gona ƙal. Wajen danginsa na Damagaram ya ga ana haka, aka yi ta masa dariya. Ni kuwa ina tafe ina kasa kunne ko zan ji sara.

Muka tarar da mutumin zaune a gindin gawon, gatari a gefe, yana cin goro.

"Iya, na san za ki zo," in ji shi. "Da na ga gawo ne, sai na ce bari in jira mai hankalin gidan."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar ranar ba. Na zube cikin gero ina hamdala.

Kaka ba ta kula mu ba. Ta zagaya gawon tana shafawa, tana neman inda gatari ya taɓa. Babu. Sannan ta jingina goshinta da shi.

"Duk abin da kakanka ya bari, wannan ne kaɗai yake tsaye," ta ce.