Kocin Giwan Ruwa da Jirgin da Ya Ƙi Shiga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah ya karɓi ran Koci Haliru Tamada a gidansa da ke Yelwa, bayan doguwar jinya. Ni Sufyanu, ni ne mai tsaron ragar ƙungiyarsa, Giwan Ruwa ta Yauri, wadda ta yi kaka biyu kacal a gasar ƙwararru ta rushe.

Koci, kai ka tsinto mu. Ni daga bakin kasuwar albasa, Philip daga cikin kwalekwalen ubansa. Ranar da na karye a yatsa, kai ka goya ni a babur har wurin mai ɗori, kana zagina a hanya wai na kama ƙwallo kamar mai kamun tarwaɗa. Matarka Inna Kulu kuwa ta tuƙa wa ƙarti ashirin tuwo ba sau ɗaya ba.

Sai ranar wasan ƙarshe, wanda idan muka rasa shi za a kore mu daga gasar. Ambaliya ta yanke hanyar mota, shugaban ƙungiya Alhaji Maliki ya ɗauko mana jirgin ruwa a Wara. Kai ɗan masunta ne. Ka durƙusa ka shafa cikin jirgin, ka zaro tsumman da aka cusa a tsagar katako, ka ce, "Wanga jirgi ba ya ɗaukar mini ɗiyan mutane." Maliki ya yi ta kumfar baki. Ba mu shiga ba, ba mu buga ba, aka kore mu.

Jirgin ya ƙetare lafiya a ranar. Bayan kwana tara ya nutse da buhunan albasa da mutum biyu, amma kafin nan bakin Maliki ya gama gari: wai Haliru ya sayar da wasa. Shekara bakwai kana wucewa ana nuna ka da baki. 'Yarka Fauziyya ta sha dawowa daga makaranta da kuka saboda wannan ƙazafi. Kai kuwa kullum sai ka ce a bar shi da Allah. Wallahi haƙurinka ya sha ba ni haushi.

Don haka bari in gaya maka abin da ya faru a jana'izarka. Da aka ɗaga makara, mutane na karɓa-karɓa don neman lada, sai ga Maliki da babbar riga yana kutsowa zai sa kafaɗa. Ba mu yi shawara ba. Mu goma cikin 'yan wasanka da ke cikin sahu muka kewaye ka, wannan ya sauke wancan ya karɓa, Philip na biye da mu yana hawaye. Sau uku Maliki na miƙo hannu, sau uku ina tare shi da ƙirji. Har maƙabarta bai taɓa ko gefen tabarmarka ba, kuma duk Yelwa ta gani.

Maliki, ka ji da kyau. Bakin da ya ɓata sunan nan shi zai wanke shi, a ƙofar masallacin Juma'a, gaban jama'a. Kafin nan, Allah ya isa.

Allah ya jiƙanka, Koci, ya haskaka kabarinka, ya sa rayukan da ka tsare a bakin ruwan Wara su zame maka hujja ranar hisabi. Inna Kulu, ke da 'ya'yanki Hauwa da Fauziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Ku ɗaga kanku a garin nan. Mu ashirin ne muka tsaya gaban jirgin nan, kuma yau dukanmu muna da 'ya'ya.