Ɓauren Kawu

Shekara guda da rasuwar Kawu, na je gidansa a garin Bowie, can ƙasar waje, na tarar ɗansa ya sa an tumɓuke ɓauren da ke bayan gidan. Ya ce mini da Turanci wai ya bushe. Bushewar me! Iri ne mai jure sanyi, haka yake tsirara duk hunturu.

Kowace Nuwamba ni ke riƙe igiya, Kawu yana naɗe shi da tsohon bargo da buhunan shinkafa. Yakan ce, "Barci yake yi, 'yata." Watan Agusta mu sha zaƙi.

Yaron nan ko sau ɗaya bai riƙe igiyar ba.

Allah ya ba Kawu inuwar da ba mai sarewa.