Abin da na ƙulle a bakin zane

Ku cinka mini wannan: bai kai ɗan yatsa tsawo ba, shekara talatin ina ɗauke da shi, ya hana ni haɗiye tuwo. Mene ne?

Wata biyar ba ku ji ni ba. Jikokina da suka fara rabon atamfofina a zuci, ku mayar, ina nan.

Da koko abin ya fara. Na kurɓa, ya tsaya a maƙogwaro kamar an sa hannu an riƙe. Daga baya har ruwa sai na yi dabara. Na rame har zobe yana zamewa daga yatsana.

Aka kai ni asibiti, kwana tara. Jini, hoton ƙirji, sannan wata igiya mai ido da suka zura mini ta baki. Tunkiyata biyu ta tafi a kuɗin asibitin nan. Likita ya ce, "Hajiya, maƙogwaronki lafiya lau. Hawan jini ne kawai muka gani. Mi ke damunki a rai?"

Na ce zafin Sakkwato.

Ƙarya na yi. Kulu ce.

Kulu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, bakinta kamar reza. A wani suna a Gawon Nama ta faɗa gaban mata cewa ni na sayar da 'yan kunnen zinaren innarmu tana kwance ba lafiya. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi.

Na je wurin wani boka bayan gari. Ya ba ni ɗan kwaɗon kulle ƙofa, ya tofa masa sunan Kulu, ya ce in datse shi in jefa rijiya haɗe da abin buɗewarsa, bakinta zai mutu. Na jefa kwaɗon a tsohuwar rijiyar gidanmu. Abin buɗewar kuwa na kasa jefawa. Kun san ni, ko gwangwanin madara ba na yarwa.

Bakin Kulu bai mutu ba, ta ci gaba da zagina shekara ashirin. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ta. Shekara uku ba kalma ko ɗaya. In na je duba ta, ido kawai take bina da shi. Haka ta rasu.

A gadon asibiti, kullum da azahar in masu dubiya sun watse, sai in ji kamar tana zaune a ƙafafuna. Ba ta cewa komai.

Aka tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, yarinya sa'ar jikata. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce. Ta ce ta sani. Zuwa na uku na gaya mata komai. Ta ce, "Rijiyar tana nan?" Na ce an cike ta, shagon cajin waya ne a kai yanzu. Ta ce, "To rufe ido, Kaka. Da zuci za ki sauka."

Kullum bayan la'asar in zauna a tabarma, in riƙe abin nan a hannu, in rufe ido. In ga bakin rijiyar da zanen igiya a jikin itacen da aka gitta a kai. Makon farko leƙawa kawai nake, in buɗe ido. Na biyu na sauka, ruwa mai sanyi har ƙirji, ina lalube cikin laka. Wata rana na taɓa kwaɗon. Na buɗe shi.

Na jira Kulu ta yi magana. Shiru.

A nan na gane ni ce ban yi magana ba.

Na yi istigfari kan zuwa wurin boka, na hau keke napep zuwa Mabera, gidan Asabe ɗiyar Kulu. Na kwance bakin zane, na ajiye abin gabanta, na faɗi komai.

Ta kalle shi. Ta ce, "Inna, mahaifiyata maganin hawan jini ta ƙi sha, ƙarƙashin katifa muke tsintar shi. Wannan ɗan ƙarfen bai kashe kowa ba." Sannan ta ce, "Amma kin yi nufi."

Na ce na yi.

Ba ta ce ta yafe ba. Ta tashi ta damo fura ta miƙo mini. Na shanye kwanon tas, ta tsaya a kaina har na gama.

Na gode wa Allah, da likitar nan, da Asabe. Ku sha maganinku. In likita ya tambayi abin da ke ranku, kada ku ce zafin gari. Wanda za ku roƙa gafara, ku je tun yana iya amsawa.

Kulu har yanzu takan zauna a ƙafafuna wani lokaci. Ina matsa mata wuri.

Mabuɗin kwaɗo ne. Yana hannun Asabe.