Anti Sha-Ruwa Ta Zauna a Layin 'Yan Ajinsu

Kafin a kaɗa ƙararrawar tashi, Anti Sha-Ruwa ta riga ta buɗe ɗakin jinya na makarantar kwana ta 'yan mata. Takan zuge labule, ta kakkaɓe zannuwan gado, ta ɗora butar ruwan zafi, sannan ta ja kujerar roba bakin ƙofa tana jiran masu ciwon gaske da masu ciwon darasin lissafi. Ba ita ce ma'aikaciyar jinya ba. Mataimakiya ce, mai wanke kwano da dafa goshin mai amai. Duk yarinyar da ta shigo, ciwon kai ne ko targaɗe, maganar farko ɗaya ce: "Sha ruwa tukuna." Sunan ke nan ya bi ta har ya danne nata na gida.

A ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki, bayan fiye da shekara talatin.

Ita ma ta taɓa sa rigar makarantar. Tana aji uku mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita ce babba, ga ƙanne. Ta tafi hutu ba ta dawo ba, kuma ba wanda ya biyo sawu. Ranar da ta sake shiga harabar, ta ƙofar ma'aikata ta shiga.

Tun daga nan ba ta jituwa da gadon da babu kowa a kai. Makon farko na kowane zango takan zaga ɗakunan kwana, ta tsaya gaban katifar da ke naɗe ta ce, "Ina mai wannan?" In amsar ba ta gamsar da ita ba, ranar Asabar tana cikin mota zuwa gidan su yarinyar.

Wata tsohuwar ɗaliba, wadda yanzu injiniyar ruwa ce, ta ba da labarin tata Asabar ɗin. Mahaifinta ya yi haɗari yana kwance, ita ke jinya, ta riga ta fidda rai da jarrabawar ƙarshe. Sai ga Anti a tsakar gida.

"Ɗauko akwatinki."

"Anti, Baba fa?"

"Asabar da Lahadi Baba nawa ne. Sauran ranakun ai yana da dangi. Ina gwaggon nan taki da ke cika mu da surutu ranar ziyara? A kira min ita."

Kafin la'asar ta raba wa dangi jinyar, ta kuma riƙe nata rabon har mutumin ya tashi. Shi kansa ya sha cewa bai taɓa ganin baƙon da ya zo dubiya ya ƙwace tsintsiya ba.

Ba kowace tafiya ce ta yi nasara ba. Akwai gidajen da ta je ta dawo ita kaɗai. Malamai sun ce a irin wannan Litinin ɗin ba a jin muryarta.

Duk shekara ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana taruwa a babban zauren makarantar, kowane aji a layinsa, a karrama waɗanda suka yi fice. Duk shekara Anti ce ke jera kujerun, ta zaga da farantin ruwa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. In 'yan ajinsu suka yafito ta sai ta ce aiki take. Gaskiyar maganar 'yarta kaɗai ta taɓa faɗa wa: kujerun na waɗanda suka gama ne. Taron bana shi ne na ƙarshe da aiki zai kawo ta. Daga shi, in ba ta da kujera, ba ta da dalilin shigowa.

Injiniyar ce ta kai sunan Anti gaban kwamitin karramawa, aka kuma yi gardama. Sakatariya ta ce lambar yabo ta tsofaffin ɗalibai ce, a yi mata kyautar ma'aikata dai. Wata lauya 'yar ajin Anti ta ajiye tabarau ta ce, "Ta yi ɗalibta? Ta yi. Ta tsufa? Ku je ku ji ƙarar gwiwoyinta. To ina sauran shari'a?" Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, maganar ta wuce. Abin da ya rage shi ne ko ita za ta yarda.

Ranar taro zauren ya cika. Aka kira likitar tiyata da ta buɗe sashen ƙashi a asibitinsu, aka kira matuƙiyar jirgin sama, aka kira malamar da ɗalibanta kurame suka shiga jami'a. Kowace ta cancanta, tafi kuma bai yi ƙaranci ba. Sai shugabar ƙungiya ta karɓi lasifika. Agogo ake ce mata, don ita ke kaɗa ƙararrawa a zamaninsu, kuma gadonta ke kusa da na Anti a aji ɗaya.

"Akwai kujera a layinmu," in ji ta. "Sha-Ruwa, ajiye farantin nan."

Anti ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. "Agogo, bar wasan nan. Ni ban gama ba."

"Wa ya tambaye ki? Tun muna da kitson kwando kike ja da ni. Kin makara, kuma kin san hukuncin makara a wurina."

Aka yi dariya, amma Anti ta ƙara ƙanƙame farantin. Sai injiniyar ta miƙe tsaye. Wata ta miƙe a layin baya, wata a tsakiya, wata da goyo. Ba wanda ya umarce su. Waɗanda ta bi har gida ne. Anti ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta miƙa wa likitar tiyata farantin, likita ta riƙe ta rasa inda za ta kai shi. Ta taka a hankali har layin ajinsu, ta ɗosana a bakin kujera, sannan ta gyara ta jingina.

"Matsa," in ji lauyar tana share ido, "kin zauna min a kan mayafi."

Sharaɗi ɗaya ta gindaya kafin ta karɓi lambar: baɗi gayyata ta kai ga waɗanda karatu ya yanke musu a hanya. Ta ce ta san gidajen. Ƙungiya ta amince a nan take.

Anti, ke ce kazar da ba ta shiga akurki sai 'ya'ya sun cika. Ke ce kika san ɗacin a rasa mai biyo sawu, kika hana wasu ɗanɗanarsa. Makarantar ta yi alfahari da likitocinta da injiniyoyinta, kuma tana da gaskiya, amma wasunsu da ƙafarki suka dawo aji. An gode, Allah Ya saka da alheri.

Mu kuma kada abin ya ƙare a tafi. A unguwar kowa akwai yarinyar da akwatinta ke kan durowa bayan an koma makaranta. Ba jawabi take jira ba, wanda zai karɓi wahalar gidan na ɗan lokaci take jira. Wanda ya ga irinta, ya shiga ya yi sallama.

Ki huta lafiya, tsohuwar ɗaliba.